Malam Kwafi da Ruwan da Ya Hau Tudu

Shekara ashirin da uku muka yi tare da Malam Kwafi a cibiyar binciken ruwa, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa jin wani ya kira shi da sunansa na gaskiya ba. Masinja ma Malam Kwafi yake ce masa. Hatta matarsa, in ta bugo wayar ofis na ɗauka, cewa take, "Don Allah a ba ni Malam Kwafi," domin ta san in ta faɗi sunan gaskiyar sai an zagaye ginin nan ana tambayar waye.

Ni mai awo ne. Ni ke fita da mota da igiya da kwalabe, in ɗebo ruwan rijiyoyi, in auna, in rubuta lambobi a littafi. Shi kuwa aikinsa, in ka cire masa kwalliya, ɗaya ne tak: ya ɗauki jadawalin lambobi daga wannan rumbun bayanai na kwamfuta ya zuba a wancan. Jadawalin ba wani abin tsoro ba ne. Lambobi ne zaune gida-gida, wasu layuka a kwance, wasu a tsaye, kamar tagar da aka yi wa ƙarfe. Sai dai a wurinmu jadawali ɗaya kan kai gida dubu ɗari, kuma masana ba sa iya taɓa lissafi sai an kai musu kayan har inda na'urarsu za ta gani.

Za ka ce ai wannan aikin wata ɗaya ne, yaya aka yi ya cinye shekara ashirin da uku? To ba ka san cibiyarmu ba. Duk sabon shugaban da aka kawo mana, kafin ya gane inda banɗaki yake, ya riga ya gano cewa rumbun da ya tarar tsohon yayi ne. A kira taro, a sayo sabo, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Washegari takarda ta sauka a teburin Malam Kwafi: a kwashe komai a mayar can. Shugabanni shida muka gani, rumbuna bakwai, domin na huɗun ya daɗe har ya manta shi ya sayi wanda yake zagi.

Ɗakinsa na ƙarshen baranda ne, tsakanin sito da makewayi. Tagarsa bangon ɗakin janareto take kallo. Yana da fanka mai ciwon wuya, wadda in ta juya hagu sai an tallafa mata ta dawo, da butar shayi, da allon kwamfuta biyu. Ɗaya daga cikin allunan a kan tulin rahotannin shekara-shekara na cibiyar yake zaune, kuma ban san wani amfanin da aka taɓa yi da rahotannin nan da ya kai wannan ba.

Manhajar da ke yi masa dakon lambobin shi ya rubuta ta da hannunsa tun shekararsa ta farko, ya raɗa mata suna Jaki. Duk sabon rumbun da aka kawo sai ya ɗan yi mata faci. In tana aiki yakan jingina da kujera yana lallashinta. "Yi haƙuri, Jaki, saura kaɗan." In ta gama kuma, yana da al'adarsa da ba ya tsallakewa ko gobara ake yi. Ya ƙirga gidajen jadawalin a nan, ya ƙirga a can. Ya tara lambobin kaf a nan, ya tara a can. In jimla ta zo ɗaya, ya buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango, ya rubuta "An kwafa, an duba," ya sa hannu da kwanan wata. Babu mai duba littafin nan. Na taɓa tsokanarsa na ce mala'iku yake rubuta wa, ya ce ko su ne ai sun fi kwamitin cibiya karatu.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma mun ji shi har mun haddace: "Ni dai ban taɓa canza ko ɗigo ɗaya a kwafi ba." Mutum ne da in ka ba shi takardar sayen magani ya kwafa, har ɗigon tawadar likita sai ya mayar maka. Wani lokaci abin kan ba ni haushi, don ko kuskuren rubutu ya gani a cikin bayanai ba zai gyara ba, sai dai ya tako har ofishinka ya tsaya a kanka kai ka gyara da hannunka.

Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne. Shekara arba'in ya yi yana sauka rami da igiya a ƙugu, ya haƙa rijiya ta fi ɗari biyu. Sau ɗaya tsohon ya zo cibiyarmu, a shekarunmu na farko. Aka ce masa ga inda ɗansa ke aikin ruwa. Ya shiga ɗakin, ya dubi fanka, ya dubi alluna, ya leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ya ce, "To, ina ruwan?"

Malam Kwafi ya ce, "Baba, a nan ba ruwanmu da ruwa. Lambobi ne."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi. Bayan shekara biyu ya rasu. Digarsa mai gajeriyar ƙota tana nan a gidan Malam Kwafi, rataye a bangon falo, matarsa na goge mata ƙura tare da hotunan yara.

Wata rana muna shan shayi ya jawo wata mujallar masana, ya nuna mini saman wata maƙala inda ake jera sunayen marubuta. Ya ce, "Mai Awo, ka lura da yadda mutanen nan ke rubuta suna? Sunan uba suke sawa cikakke, naka kuma harafi ɗaya da ɗigo." Na ce na gani. Sannan ya ce, "Rijiyoyin Baba, duk wadda aka kafa wa allo, sunan wanda ya zo buɗewa ne a jiki." Daga ranar na san abin da ke cin ransa. So yake, ko sau ɗaya kafin ya yi ritaya, a buga sunan tsohon nan a saman wata takarda da ke maganar rijiya.

Maƙala sittin da ɗaya cibiyarmu ta fitar da bayanan da Jaki ya yi dako. A ƙarshen kowace akwai layi ɗaya: "Muna godiya ga ma'aikatan cibiya." Yana da su duka a wata jaka, ya ja wa layin nan jan biro a kowace.

Ana nan, saura masa shekara ɗaya da rabi ya ajiye aiki, na kammala aikin rijiyoyi arba'in. Wani gari ne a jikin gangaren tudu, rijiyoyinsa jere tun daga sama har ƙasa. Aikina shi ne in zuba wani launi mara cutarwa a rijiya ɗaya, in jira, in bi sauran in ga wace ce launin ya ɓulla a cikinta, kuma nawa. Haka rijiya bayan rijiya, shekara uku cur, rana na dafa mini ƙeya. Abin da ya fito jadawali ne mai layi arba'in a kwance, arba'in a tsaye. Layin kwance yana nuna rijiyar da aka zuba wa launi, na tsaye yana nuna inda ya ɓulla.

Daidai lokacin aka kawo shugaba na shida, ya kawo rumbu na bakwai. Malam Kwafi ya yi wa Jaki faci, ya kwashe, ya ƙirga, ya tara, jimla ta zo ɗaya, ya rubuta "An kwafa, an duba."

Sati uku bayan haka Farfesa ya fito daga ofishinsa da gudu, abin da ba a taɓa gani ba. Farfesa shi ne babban masanin cibiyar, mutum mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, wanda ba ya iya neman ruwan sha ba tare da ya ce "a kimiyyance" ba. Sau ɗaya ya raka ni tudun nan, kuma bai sauko daga mota ba saboda taɓo. Ranar da ya fito da gudun nan, ya tsaya a baranda yana kaɗa takarda, ya sanar da cewa lissafi ya nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa a garin nan daga ƙasan tudu yake tashi ya hau sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa da idona na ga launin. A sama nake zubawa, a ƙasa nake tarar da shi."

Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci, ya dube ni. "Kai da ido ka ga ruwa. Ni da lissafi na gan shi. A kimiyyance, wanne ya fi?"

Na ce lissafi, ranka ya daɗe. Ina da 'ya'ya biyar.

Daga nan abu ya kankama. Aka raɗa masa suna Ƙa'idar Hawan Ruwa. Farfesa ya bayyana cewa zafin dutse ne ke tura ruwan. Da wani baƙon masani ya ce dutsen ba shi da zafi, sai ya bayyana cewa ai sanyin ne. Aka buga gajeriyar maƙala ta farko, aka gode wa ma'aikatan cibiya. Ɗalibai biyu suka fara digirin digirgir a kan dalilin hawan, ɗaya na goyon bayan zafi, ɗaya sanyi, har ba sa gaisawa. Farfesa ya yi tafiya ƙasashe huɗu, ya dawo da sabon tabarau na uku. Shugaba ya ce wannan ya tabbatar da hikimar sayen sabon rumbu, domin tsohon ya shekara da bayanan nan bai ga komai ba.

Sai aka zo kan babbar maƙala, wadda za a aika wa wata ƙasaitacciyar mujalla. Su kuma mutanen mujallar suna da doka: dole a sa sunan wanda ya kula da bayanai cikin marubuta. Farfesa ya nemi a sa sunan surukinsa, aka ce za a iya yi wa mutumin tambayoyi. Shi ne ya tako da ƙafarsa har ƙarshen baranda, ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci saboda maƙwabtan ɗakin, ya ce, "Malam Kwafi, rubuto mini cikakken sunanka. Kai ne na bakwai."

Ban taɓa ganin dattijo ya rikice irin na ranar ba. Sau uku ya rubuta sunan, yana duba kowane harafi da bakin biro. Da yamma ya tsaya a hanya ya sayi firam ɗin hoto mai ruwan zinariya. Matarsa ta rataye shi a falo kusa da digar, babu komai a ciki sai farin kwali. Kafin sati ya zagayo duk layinsu an san za a buga Malam a takardar duniya. Yayan matar, wanda ya shekara ashirin yana tambayarsa wai har yanzu kwafe-kwafen ne, ya zo da kansa ya zauna ya sha lemo a ƙarƙashin firam ɗin. Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Na san ruwa ba ya hawa tudu, amma na ce a raina masana sun fi ni sanin abin da suke yi.

Abin da ya ɓata lamarin hira ce kawai. Wata Alhamis da hantsi muna shan shayi a ɗakinsa, nake ba shi labarin wahalar da na sha a tudu, har na zo kan labarin rijiya ta goma sha bakwai. Wata tsohuwa ce mai rijiya a tsakar gidanta. Ta ce in ɗebi ruwa in auna ko sau ɗari ne, amma wanda ya zuba mata launi a rijiya sai ta karya masa ƙafa da taɓarya. Na kai mata takardar hukuma, ta ce in jiƙa in sha. Haka na haƙura.

Na ce, "Ita kaɗai ce ban zuba wa komai ba. Shi ya sa layinta na kwance babu ko lamba ɗaya."

Ina dariya, na ga shi bai yi ba. Kofin na hannunsa, bai kai baki ba, bai ajiye ba.

Ya ce, "Na kwance ka ce?"

"Na kwance mana. Ba a zuba ba, me za a rubuta?"

Mutumin nan ya san fuskar kowane jadawali kamar yadda uwa ta san fuskar 'ya'yanta. Ya juya ya buɗe jadawalin a tsohon rumbu, a allon hagu. Ga farin layi nan fayau a kwance, na goma sha bakwai. Ya buɗe a sabon rumbu, a allon dama. Farin layin na nan, na goma sha bakwai, amma a tsaye yake kamar sandar tuta.

Shi ya yi mini bayani, da wata murya da ban san shi da ita ba. Tsohon rumbu layi-layi a kwance yake jera lambobinsa. Sabon kuwa daga sama zuwa ƙasa yake jerawa. Jaki ya ɗebo su a jere ya miƙa a jere, sabon rumbu ya karɓa ya shirya su irin nasa shirin. Da jadawalin mai tsawo ne, a ce layi arba'in da talatin, da na'ura ta yi ƙara ta ce kaya bai shiga ba. Duk sauran jadawalan haka suka yi, ya bi su ɗaya-ɗaya ya daidaita. Wannan kuwa arba'in ne ta kowane gefe, ya shige lafiya lau ba ko tari. Inda aka zuba ya koma inda ya ɓulla, inda ya ɓulla ya koma inda aka zuba.

Ya ce, "Ƙirga ta yi daidai. Jimla ta yi daidai. Ko lamba ɗaya ba ta canza ba, Mai Awo. Wurin zama kawai suka sauya." Ya dubi baƙin littafinsa. "Kuma na sa hannu."

Abin da na ce masa ina jin kunyarsa har yau, amma tunda labarinsa nake bayarwa, bari in faɗi nawa. Na tashi na tura ƙofa, na ce, "Malam, wa ya sani? Ni da kai da Jaki. Ni ban ji ba, Jaki ba ya magana. Saura maka wata goma sha huɗu. Ka bari sunan ya fito, ka sa a firam, ka tafi gida. Ruwa dai ba zai fasa gangarawa ba don an rubuta ya hau."

Ya kashe allunan biyu, ya gyara wa fanka wuya.

Ranar Asabar da rana na je gidansa, don hankalina bai kwanta ba. Na tarar da shi a falo, zaune yana fuskantar bangon nan mai diga da firam. Ya riga ya gaya wa matarsa. Ta kawo mini ruwa, ta tsaya riƙe da faranti.

Ta ce, "Baban yara, ni ban san lissafinku ba. Amma na gaya wa mutane. Na gaya wa Yaya. Yanzu in ce musu me?"

Ya ce, "Ki ce musu mijinki ya kwantar da abin da ke tsaye."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba." Ya nuna digar da haɓa. "Mutumin nan shekara arba'in ya yi a gindin rami yana kallon ta inda ruwa ke tsattsafowa. Ko a mafarki ka tashe shi zai nuna maka inda ruwa ya nufa. In ɗauki sunansa in ɗora a kan takardar da ta ce ruwa na hawa tudu? Masu haƙar rijiya su ji, su ce ɗan wane ne?"

Ta ce, "Masu haƙar rijiya ba sa karanta mujalla."

Ya ce, "Ni ina karantawa."

Ta ajiye farantin da ɗan ƙarfi, ta shige ciki. Can sai ga ta da babbar rigarsa ta zuwa taro, ta shimfiɗa a kan tebur, ta jona dutsen guga. Ba ta dube shi ba, ta ce, "In za ka je ka kashe kanka ranar Litinin, ba za ka je da yamutsattsiyar riga ba."

Ranar Litinin ya roƙe ni in raka shi ofishin Farfesa da littafin awona. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da zane a takarda. Farfesa ya saurara, yana sauya tabarau ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai nuna masa abin daban.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya sani bayan ku?"

Ta biyu kuma, "To ba za ka iya mayar da shi yadda yake ba?"

Malam Kwafi ya ce, "Na mayar, ranka ya daɗe. Shi ya sa ruwan ya koma gangara."

"Ba wannan yadda yake ɗin nake nufi ba."

"Ranka ya daɗe, kwafi ɗaya na iya."

Aka kafa kwamiti mai mutum tara. Suka zauna sau biyar, da lemo da biskit. Zaman farko ya ƙare a kan wa zai zama sakatare. A zama na biyu wani ya kawo shawarar cewa tunda babu lambar da ta canza, a kimiyyance babu kuskure. A na uku aka tambaya ko za a iya ɗora laifin a kan sabon rumbu, sai aka tuna wanda ya saye shi ne ke shugabantar zaman. Aka duba ko za a ɗora wa tsohon rumbu, aka ga shi ne ya faɗi gaskiya. Ɗalibin zafi da ɗalibin sanyi suka shirya, aka gan su zaune a inuwa ɗaya sun yi tagumi. A zama na biyar aka nemi baƙin littafin nan da babu wanda ya taɓa buɗewa, aka buɗe, aka ga "An kwafa, an duba" da sa hannu da kwanan wata. Kwamiti ya yaba da tsarin ajiye bayanai na cibiyar, wanda ya sa aka gano mai laifi cikin sauƙi.

Kada ka ce Farfesa ya faɗi. Babbar maƙalar ta fita bayan wata takwas, an ɗan gyara ta. Yanzu tana tabbatar, da hujjar rijiyoyi arba'in da awon shekara uku, cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa gangarawa yake yi. Marubuta shida ne, da wani sabon yaro mai digiri da aka ce shi ke kula da bayanai, tunda ba za a sa sunan wanda kwamiti ya samu da sakaci ba. A ƙarshe an gode wa ma'aikatan cibiya. Wata ƙungiyar masana kuma ta ba Farfesa lambar yabo ta riƙon gaskiya, saboda jarumtar da ya nuna wajen gyara kansa da kansa. Na je bikin. Ya yi jawabi mai taɓa zuciya a kan tawali'u, minti hamsin.

Ita kuwa gajeriyar maƙalar farko, dole aka janye ta, kuma mujallar da ta buga ta sai ta buga sanarwar janyewa. Sanarwar ta iso saura kwana tara Malam Kwafi ya yi ritaya. Masinja ya kawo masa kwafinta, ina zaune. Rabin shafi ce. Ta ce marubutan suna baƙin cikin sanar da cewa sakamakon da suka bayar ya samo asali ne daga kuskuren juya jadawali wajen kwafar bayanai, kuskuren da ma'aikaci wane ya yi.

Ga sunan nan, baƙi a kan fari, a mujallar masana, a takardar da ke maganar rijiya. Sunan tsohon mai haƙar rijiya cikakke, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Bayansa waƙafi, sai harafi ɗaya da ɗigo.

Ya daɗe yana kallo. Ya bi haruffan da bakin biro, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Sun rubuta shi daidai."

Na ce, "Haka suke yi wa kowa, Malam. Kai ka nuna mini."

Ya ce, "Na sani. Ni na yi, shi aka rubuta."

Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya wajen tagar da ba ta kallon komai sai bango. Na ji haushin Farfesa, na ji haushin kwamiti, na fi jin haushin kaina da na ce ina da 'ya'ya biyar.

Sai ya jawo takardar gabansa, ya cire murfin jan biron nan da yake ja wa layin godiya. Ya ɗora rula, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan sunan mahaifinsa, ya soke shi. A saman harafin nan guda kuma, da ƙananan baƙaƙe masu kyau, ya rubuta sunansa na gaskiya cikakke. Ya hura tawadar ta bushe.

Shekara ashirin da uku, ranar ce kaɗai na ga ya canza wani abu a kwafi.

Takardar na nan a firam mai ruwan zinariya, a falonsa, kusa da digar. Matarsa ce ta saka ta da hannunta. In baƙo ya matsa zai karanta, ba ta hana shi, sai dai ta ce ya fara daga jan rubutun.